Randar da Na Ajiye a Bayan Ajin Baba

Ni dai lissafi aka ɗauke ni in koyar. Ina so a fara sanin wannan, domin har yau a Jakara akwai tsofaffin da ba su da aikin yi, masu cewa wai na taɓa yi wa Nasara limanci. Ƙarya suke yi, kuma a lokacin yawancinsu ko hanyar Sabon Gari ba su sani ba. Abin da ya faru shi ne na riƙe wa wani dattijo ajinsa na addini mako shida, don kada a fitar da shi daga ɗakinsa.

Lokacin ba a daɗe da kawo jirgin ƙasa Kano ba. Mahaifina baduku ne, gafakar littafi yake ɗinkawa a bakin kasuwa. Na yi karatun allo har na sauke, sannan aka haɗa da ni cikin yaran da aka ba Turawa su koya wa boko, don mai unguwarmu ya ɓoye nasa ɗan ya nuna ni. Da na fito da ɗan abin da na iya, sai na ji 'yan mishan suna neman mai koyar da ƙidaya. Su ba a yarda su kafa ko rumfa a cikin badala ba, saboda haka a Sabon Gari suka yi makarantarsu, ɗaki uku na jar ƙasa da rufin kwano, cike da 'ya'yan ma'aikatan jirgi da na akawuna. Kowane yaro da yaren gidansu, Hausa ce kawai ta haɗa su. Kullum da sassafe in fita ta Ƙofar Mazugal, in dawo bayan azahar. A gida abin da aka sani shi ne ina koya wa 'ya'yan baƙi ƙidaya, kuma gaskiya ne.

Mai koyar da addini wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, ni ma haka nake kiransa. Kirista ne, amma in ya buɗe baki sai ka rantse jiya ya fito daga cikin birni. Yana yaro bawa ne a wani gidan fatake a unguwar Sheshe cikin birni, aka sayar da shi kudu, 'yan mishan suka fanshe shi a bakin Kwara suka raine shi. Da jirgi ya zo ya biyo shi ya dawo, ya tarar ba wanda ya tuna da shi. Ba mata, ba ɗa, ba dangi. Duk abin da ya mallaka a duniya shi ne ɗan ɗaki a bayan makaranta, ɗakin kuma na mai koyar da addini ne, ba nasa ba. Kullum sai ya tare ni ya tambaye ni ko wani durumi yana nan a Sheshe, ko mai waina ta bakin gada tana da rai. Ni kuwa in ƙara gishiri in ba shi labari. Ina ƙaunar tsohon nan, ba na ɓoyewa.

Da damina ta kankama sai tari ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura kamar tulu. Baturen da ke riƙe da makarantar, wani dogo mai jan wuya da kare, yana shirin tafiya rangadi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba ya ce zai yi mako shida, in ya dawo zai gwada yaran da kansa. In ya tarar ajin ya lalace, dole ya rubuta takarda a aiko da saurayi daga kudu, saurayin kuma zai bukaci ɗakin. Ba da mugunta ya faɗa ba, irin maganarsu ce, kai tsaye kamar sara. Ina tsaye ina ji, na ga Baba ya juya fuska bango.

Washegari na shiga na ce masa ya riƙa koya mini karatun kowace rana, ni in kai wa yara. Ya ce in rufa wa kaina asiri, ni ɗan malamai ne. Na ce ɗan baduku ne, kuma ba shawara na zo nema ba. Hedimasta, wani Bayarabe mai son zaman lafiya, ya ce shi idonsa ba ya gani sosai da safe, aka bar maganar a haka.

To, ni hanya ɗaya na sani ta koyar da addini, ita ce wadda aka koya mini da dorina. Ranar farko na sa aka jingine bencina a bango, kowa ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Littafinsu da na tarar a ƙasa kusa da takalmin wani yaro, na ɗaga shi na ɗora bisa taga, na kafa doka ba mai taɓa shi sai ya wanke hannu. In biya, su amsa, in biya, su amsa. Kafin kwana uku yaran nan sun fara rangaji gaba da baya suna rera tambaya da amsa da irin muryar tsangaya, har masu wucewa kan tsaya su leƙo. Labaran annabawa ba su ba ni wahala ba, ai yawancinsu na sani tun ina ƙarami. Sai dai ba zan iya ambaton annabi in bar shi haka tsirara ba, dole in ce amincin Allah ya tabbata a gare shi, yara kuma suka ɗauka. Kuma wani lokaci in ga labarin Baba ya yi gajarta, kamar na annabin da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, sai in cike masa da namu, ya fi daɗi.

Inda nake cijewa shi ne wuraren da maganarsu ta saba da tamu. Nan sai na samo dabara: kafin in faɗi abu sai in ce “in ji Baba”, bayan na faɗa in sake cewa “in ji Baba”, don mala'iku masu rubutu su san a littafin wa za su sa. Ban lura ba ashe yaran haddacewa suke yi har da shi.

Duk wannan wasa ne. Masifar ta zo ne ranar da aka iso rubutu. Kowane yaro yana da ɗan allon dutse baƙi mai bakin katako, da alli. A ajin lissafi na saba ganin yadda suke gogewa, ban taɓa damuwa ba, ai biyu da biyu ba su da alfarma. Ranar nan na rubuta musu ayar da Baba ya ba ni, suka kwafa, sunan Allah ya fito a ciki har sau biyu, da Hausa, ɓaro-ɓaro. Na duba na kowa na ce to a goge. Kafin in rufe baki sai na ji tuf, tuf, tuf, ko'ina. Yara talatin suna tofa yawu a kan sunan Allah suna murjewa da bakin riga.

Wallahi ban san lokacin da na yi tsawa ba. Wani ƙaramin ya saki allonsa ya fashe da kuka. Mu yadda muka taso, allo wanke shi ake yi da ruwa mai tsarki, ruwan kuma ko a sha, ko a zuba a lungun da ƙafa ba ta takawa. Na taɓa shan duka har na kasa zama don kawai na tsallake wurin wankin allo da gudu. Na san littafin ba namu ba ne, amma sunan fa? Sunan ai ban ga an canza ko harafi ɗaya ba. Na aika aka karɓo ƙwarya a wurin kukun Bature, na sa yara suka yi layi, kowa ya wanke allonsa a ciki.

Aka tashi, aka bar ni da ƙwarya cike da farin ruwa kamar tsinkakken koko, na rasa inda zan kai shi. Na zaga makarantar nan sau biyu. Gindin bango yara na fitsari, gindin mangwaro kuwa karen Bature ya riga ya mallake shi, kuma ba wata kusurwa a harabar da la'anannen karen nan bai ɗaga wa ƙafa ba. Sai na ɗura ruwan a gora na rataya a ƙarƙashin riga, na shigo da shi birni, ina waige-waige kamar na sato akuya.

Niyyata in zuba shi a lungun da muke wanke allo a makarantar unguwarmu. Da na iso sai wani tunani ya tsayar da ni: shin ya halatta a gauraya wannan da wancan? Wa zan tambaya? In na tambayi malaminmu, kafin la'asar duk Jakara ta ji, kafin magariba mahaifina ya kore ni. Na koma gida na tura gorar bayan tabarma a soro, na ce sai na yi tunani.

Na manta da Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ke zaune a gidanmu. Matar nan ko allura ka ɓoye a cikin buhun gero sai ta gano. Na dawo daga masallaci na tarar da ita zaune da gorata a cinya, ta sha rabi, tana shafa sauran a gwiwoyinta masu ciwo. Ta ce in ji tsoron Allah, ina da rubutu mai ƙarfi haka a gida ina kallonta tana ɗingishi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin farin rubutu ba, lalle na malaman Larabawa ne. Me zan ce? Washegari ta tashi ta tafi har kasuwa da ƙafarta ba sanda, ta dawo tana sa mini albarka tana neman ƙari. Na ce malamin ya yi tafiya, ta ce in ya dawo in gaishe shi. Har ta koma ga Allah tana tambayata ko ya dawo.

Daga ranar na rantse ruwan nan ba zai sake shiga birni ba. Na samo tsohuwar randa na kafa a bayan aji, na rufe da faifai na ɗora dutse saboda kare. Kullum a wanke allo, in juye a ciki. Ban san ƙarshen abin ba, na dai ce Allah zai kawo mafita.

Na gaya wa Baba ina tsammanin zai yi faɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa. Da ya lafa sai ya ce shi ma ya ɗan taɓa allo a Sheshe kafin a sayar da shi, yana tuna lungun da suke wankewa, akwai ɗan kurtun tawada fasasshe a wurin. Ya ce shekara da shekaru yana koya wa yara cewa alli alli ne, ruwa ruwa ne, kuma ya yarda da hakan har zuciyarsa. Amma duk ranar da za a goge allo, taga yake juyawa ya kalla sai an gama.

Wajen mako na huɗu na lura randa ba ta cika. Kullum ina zubawa, kullum tana nan a rabi. Na yi murna, na ce ƙasa ce ke tsotsewa, Allah ya karɓi abinsa. Sai wata safiya na yi sammako na tarar da mata biyar a bayan aji, kowace da kwalba, ɗaya ta ɗaga faifai tana kamfata da ludayi kamar mai sayar da kunu. Ashe yara sun kai labari gida cewa malamin lissafi na tara ruwan aya a randa, iyayen kuwa sun daɗe suna ganin maƙwabtansu Musulmi na Fagge suna shan rubutu. Raina ya ɓaci, na hau su da faɗa, na ce wannan ba magani ba ne, ajiya ce. Wata ƙatuwa mai sayar da kifi ta riƙe ƙugu ta dube ni.

“Malam, ku kuna shan naku, mu za ka hana mu namu?”

Na dai ƙara nauyin dutsen, su kuma suka riƙa zuwa su biyu su ɗaga.

Bature ya dawo ranar da ya ce. Na maida bencina, na koma ajina na lissafi na yi lamo kamar ban san komai ba, kunnena na jikin bango. Ya yi tambaya ta farko, yara talatin suka amsa da murya ɗaya, rufin kwano har yana amsawa. Ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Sai dai kowace amsa ta fara da “in ji Baba” ta ƙare da “in ji Baba”, kuma suna yi suna rangaji. Amma Bature ya ɗauka ƙaunar malaminsu ce, har ya fito yana goge ido, ya wuce ɗakin Baba ya ce masa ya kwanta ya huta, ajinsa ya fi yadda ya bar shi. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ba a yi awa guda ba sai ga mai kifin nan ta shigo da kaza a hammata. Ta durƙusa gaban Bature ta ce godiya ta zo yi, ruwan makaranta ya warkar mata da ɗa daga zazzaɓi. Ya ce wane ruwa? Ta kama hanya ta kai shi har gaban randa, ta ɗaga masa faifai da kanta.

Ban taɓa ganin mutum ya canza launi haka ba. Mutumin nan shekara nawa yana yaƙi da laya da rubutu a coci, ya tsinka guraye da hannunsa, sai ga randa guda a bayan ajin addininsa. Ya ce a kira Baba. Na sha gabansa na ce Baba ba ya ko iya tsayuwa, ni na kafa randar, ni na riƙe ajin tun ranar da ya tafi. Na ɗauka zan sauƙaƙa ne, ashe na ƙara wa wutar itace. Ya dube ni ya dubi hulata, ya tambaya ko ina nufin Musulmi ne ya koyar da addini mako shida, Baba kuma ya sani ya yi shiru. Na ce yaran dai sun ci jarrabawa. Ya ce in rufe masa baki.

Ya shiga ofis ya daɗe, ya fito da hukunci. Ni in koma lissafina, kada in ƙara taka ajin addini. Baba kuwa, tunda ajinsa ne, ya fito gaban yara da iyayensu ya zubar da ruwan nan a kwatar bayan kicin, kowa ya gani da idonsa cewa alli ne da ruwa kawai. In ya yi, magana ta mutu. In ya ƙi, yau takarda za ta tafi kudu.

Aka tara yara, matan ma suka taru a bakin danga. Aka mirgino randa har bakin kwata, inda kuku ke zubar da ruwan wanke-wanke, ga ƙashin kaza ga ƙudaje. Baba ya fito da sanda, ƙafafunsa a naɗe da tsumma, yana tafiya yana hutawa. Ya tsaya ya gaya wa yara abin da aka ce ya faɗa, kuma da gaskiyarsa ya faɗa. Sannan ya jingine sanda ya sunkuya ya kama bakin randa. Ta ƙi motsi. Ya sake yunƙurawa, tari ya taso masa. Har yau ban sani ba ko ƙarfi ne babu, ko hannun ne ya ƙi. Bature na tsaye ya goya hannu a baya yana jira, hedimasta na kallon sama, ba wanda ya matsa.

Baba bai kira ni ba, ko kallona bai yi ba. Na dubi ɗan ɗakin nan nasa, ƙofa a buɗe, ana hango gadon kara da butar shayi. Na tuna duk wahalar da na sha don kada ɗigo ɗaya na ruwan nan ya taɓa ƙazanta. Na ji haushin Bature, na ji haushin mai kifi da kazarta, na fi jin haushin kaina. Na naɗe hannun riga na je na ɗora hannuna kusa da na Baba, na ce masa a hankali ya riƙe kawai. Na tura da ƙarfina. Farin ruwan ya kwarara cikin kwata, ya gauraya da baƙin, ya bi ta ƙarƙashin danga ya fita titi. Wata mata ta yi salati irin nasu. Bature ya ga wanda ya tura sarai, amma ya gyaɗa kai ya koma ofis.

Na raka Baba ɗaki na zaunar da shi a bakin gado. Idona ya cika, kuma ba na son ya gani. Na juya zan fita sai ya riƙe mini bakin riga.

“Ɗana, na ga bakinka yana motsi.”

“Gafara nake nema, Baba.”

“Ni ma ita nake nema,” in ji shi. “Sai dai ni ban san a kan wanne ba, zubarwar ko jinkirin.”

A ɗakin nan ya zauna har ajalinsa, ba wanda ya ƙara tayar masa da maganar takarda. Ni kuwa ranar ban iya shiga gida kai tsaye ba. Na tsaya a rijiyar bakin ƙofar gari na wanke hannuna, na sake wankewa, har mai jan ruwa ya tambaye ni ko mushe na taɓa.